Direban ma'adanar kwamfuta

Direban ma'adana ƙaramar manhaja ce da ke bai wa babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows, Linux ko macOS, damar karanta bayanai daga faifan ajiya da kuma rubutawa a kansa. Babu babbar manhajar zamani da ke iya amfani da faifai ba tare da wannan direba ba, har a lokacin da ake girka ta a karon farko. Sai dai a mafi yawan lokuta direban yana zuwa ne a cikin filashi ko faifan da ake girkawa da shi, shi ya sa mai girkawa ba ya ma sanin an yi amfani da shi. Ana buƙatar mutum ya kawo direba da kansa ne kawai idan manhajar girkawa ba ta san na'urar da ke kula da faifan ba. Hakan na faruwa idan na'urar ta fi manhajar sabunta, ko an saita ta a wani yanayi na musamman kamar RAID ko VMD, ko kuma kwamfutar ta kwaikwayo ce. Babbar alamar rashin direba ita ce a iso shafin zaɓen inda za a girka manhaja a tarar babu faifai ko ɗaya a jerin, alhali faifan yana nan lafiyarsa ƙalau.

Suna

Kalmar direba aro ce daga Turanci, kuma ita ce dai wadda Hausawa ke kiran matuƙin mota da ita. A fannin kwamfuta tana nufin manhajar da ke tuƙa wata na'ura a madadin babbar manhaja. Akwai direban firinta, da na sauti, da na hoto, da na haɗa intanet. Direban ma'adana ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Idan babu direban sauti, kwamfuta za ta tashi shiru, a nemo shi daga baya. Idan babu direban ma'adana, babu inda za a zuba babbar manhajar tun farko, kuma ko an zuba ta ba za ta tashi ba.

Yadda babbar manhaja ke isa ga faifai

Babbar manhaja ba ta magana da faifai kai tsaye. Tsakaninsu akwai wata na'ura da ake kira kontirola, wadda ke karɓar umarnin karatu ko rubutu ta miƙa wa faifai. Direban ma'adana na kontirolar ne. A tsarin SATA, kontirola tana kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, saboda haka direba ɗaya yana aiki ko faifan na Seagate ne, ko na Western Digital, ko na Samsung, ko mai juyawa ne, ko SSD ne. A tsarin NVMe kuwa, kontirolar tana jikin SSD ɗin kansa, kuma tana haɗe da kwamfuta ta layin PCI Express.

Kowace na'ura da ke kan layin PCI tana gabatar da kanta da lambobi. Akwai lambar kamfanin da ya ƙera ta, misali ta Intel ita ce 8086. Akwai lambar samfurin. Akwai kuma lambar aji, mai nuna irin aikin da na'urar ke yi. Kontirolar SATA da ke bin ƙa'idar AHCI tana ɗauke da lambar aji 010601, ta NVMe kuma 010802. Babbar manhaja tana kwatanta waɗannan lambobi da jerin da ke cikin direbobinta. Idan ta ga wanda ya dace, sai ta loda shi, faifai ya bayyana.

Tunda AHCI da NVMe ƙa'idoji ne da kamfanoni suka amince da su, direba ɗaya na gama-gari ya isa ga duk kontirolar da ta bayyana kanta da wannan aji. RAID, wato tsarin haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki kamar ɗaya, ba shi da irin wannan ƙa'ida ta bai ɗaya. Kowane kamfani da yadda kontirolarsa ke karɓar umarni, don haka kowace tana neman direbanta. Daga nan ne yawancin matsalolin girkawa ke tasowa.

A Windows direba yakan ƙunshi fayiloli iri uku: fayil ɗin .inf mai bayanin na'urorin da direban ya dace da su, fayil ɗin .sys wanda shi ne direban kansa, da fayil ɗin .cat mai ɗauke da sa hannun dijital. Tun daga Windows Vista, nau'in Windows mai bit 64 ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu.

Dalilin da BIOS ke ganin faifai amma manhajar girkawa ba ta gani

Idan aka kunna kwamfuta, abin da ke fara aiki shi ne manhajar da ke cikin babban allo, wato BIOS a tsofaffin kwamfutoci ko UEFI a sababbi. Wannan manhaja tana da nata ƙananan direbobin, waɗanda kamfanin da ya ƙera allon ya saka. Da su take ganin faifai, da su take karanta filashin girkawa ta loda abin da ke ciki zuwa RAM. Da zarar babbar manhaja ta miƙe, sai ta karɓi ragamar na'urorin gaba ɗaya, direbobin allon su daina aiki. A UEFI akwai umarni na musamman na wannan miƙa ragama, sunansa ExitBootServices.

Manhajar girka Windows tana gudana ne a cikin wani ƙaramin Windows da ake kira Windows PE, wanda ke cikin fayil ɗin boot.wim. Bayan miƙa ragama, direbobin da ke cikin wannan fayil kaɗai ne ke aiki. Shi ya sa mutum zai shiga saitin BIOS ya ga sunan SSD ɗinsa da girmansa, amma ya dawo shafin girkawa ya tarar wayam.

Irin wannan matsala tana nan ko bayan an gama girkawa. Direban da ake buƙata don karanta faifai yana ajiye ne a kan faifan, tamkar makullin ɗaki da ke cikin ɗakin da aka kulle. Windows yana warware wannan ta hanyar sa manhajar tayarwa ta ɗebo direbobin ma'adana zuwa RAM tun BIOS ko UEFI na riƙe da ragama. Idan direban da ya dace ba ya cikin waɗanda aka ɗebo, kwamfuta takan tsaya da saƙon kuskure mai lambar 0x0000007B, wanda ake rubutawa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

Akwai kuma akasin haka. Tsohon allon da aka ƙera kafin NVMe ya yaɗu yana iya rasa direban NVMe a cikin nasa UEFI. A nan manhajar girkawa za ta ga faifan, har ta kwafi fayiloli a kansa, amma kwamfutar ba za ta iya tashi daga gare shi ba. Direban Windows ba ya gyara wannan, sai sabunta manhajar allon idan kamfanin ya fitar da sabuwa.

Tarihi

Zamanin DOS da IDE

A kwamfutar IBM PC ta 1981 da waɗanda suka biyo bayanta, manhajar DOS tana miƙa duk aikin faifai ga BIOS ne, ta wata hanya da ake kira INT 13h. Muddin BIOS ya ga faifai, DOS ma ya gani. A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq suka fito da tsarin IDE, wanda daga baya ya zama ƙa'idar ATA. Kusan duk kontirolar IDE tana amsa umarni iri ɗaya, saboda haka direba ɗaya ya wadatar. Windows 95 ma, idan ya rasa direban da ya dace, yakan koma amfani da BIOS, sai dai aikin ya yi nawa.

Windows NT, wanda ya fito a 1993, ya bar wannan dogaro da BIOS, ya koma amfani da direbobinsa kaɗai. Tunda daga gare shi Windows 2000, XP da duk na bayansu suka samo asali, sun gaji wannan sharaɗi.

Maɓallin F6

Manyan kwamfutoci da uwar garke sun fi amfani da katunan SCSI da RAID, waɗanda kowanne ke da direbansa. Don haka a Windows 2000, Windows XP da Windows Server 2003, a farkon girkawa wani saƙo yakan bayyana a ƙasan allo na ɗan lokaci, yana cewa a danna F6 idan akwai direban SCSI ko RAID da za a saka. Manhajar girkawa tana karɓar direban ne daga faifan filofi kawai, tare da wani fayil mai suna txtsetup.oem. Daga nan ne sunan "direban F6" ya samo asali, kuma Intel ya ci gaba da sa wa kunshin direbansa suna f6flpy shekaru da yawa bayan filofi ya ɓace daga kasuwa.

SATA da Windows XP

Windows XP ya fito a watan Oktoban 2001. Ƙa'idar AHCI, wadda Intel ya tsara, ta fito a 2004. Ke nan XP ya riga ta, ba shi da direban AHCI. Masu son girka XP a kan sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka na wancan lokaci sun sha cin karo da saƙon cewa ba a sami faifai ba, ga shi kuma yawancin kwamfutocin ba su da gurbin filofi. Hanyoyi uku aka riƙa bi: a samo na'urar filofi mai USB, ko a cusa direban cikin faifan CD na XP da manhaja irin nLite, ko a shiga BIOS a mayar da kontirola yanayin IDE. Hanya ta uku ta fi sauƙi, amma tana hana amfani da wasu fa'idojin SATA, kamar NCQ, wato jera umarni yadda faifai zai yi saurin cika su, da damar cire faifai ko saka shi kwamfuta na kunne.

Windows Vista, wanda ya iso hannun jama'a a Janairun 2007, ya zo da direban AHCI mai suna msahci.sys. Ya kuma kawo maɓallin Load driver a shafin zaɓen faifai, wanda ke karɓar direba daga filashi ko CD. A Windows 8 na 2012 aka maye gurbin msahci.sys da storahci.sys.

USB 3.0 da Windows 7

Windows 7 na 2009 ba shi da direban USB 3.0. Wannan bai dami kowa sosai ba sai a 2015, lokacin da Intel ya fitar da firosesa zuriya ta shida, mai laƙabin Skylake, ya cire tsohuwar kontirolar USB 2.0 daga allunan da ke tafiya da ita. Kwamfuta takan tashi daga filashi, amma da an miƙa ragama sai manhajar girkawa ta daina ganin filashin da ta fito daga ciki, ta nuna saƙon cewa direban CD ko DVD ya ɓata. Sau da yawa kibod da linzamin USB ma sukan daina aiki. Kamfanonin alluna sun fitar da manhajojin cusa direban USB 3.0 cikin filashin Windows 7 saboda wannan.

NVMe

An fitar da ƙa'idar NVMe ta farko a watan Maris na 2011. An tsara ta ne domin SSD. AHCI tana da layin umarni ɗaya mai ɗaukar umarni 32, NVMe kuwa tana iya buɗe layuka har 65,535. Linux ya samu direban NVMe a kanel 3.3 na 2012. Windows 8.1 da Windows Server 2012 R2, duka na 2013, sun zo da stornvme.sys. Windows 7 bai samu ba sai ta wani gyara mai lamba KB2990941, wanda dole a cusa shi cikin filashin girkawa kafin a ga faifan.

Intel VMD

VMD fasaha ce ta Intel da ke tattara faifan NVMe a bayan wata kontirola da ke cikin firosesa, domin a iya sarrafa su tare, a haɗa RAID, ko a yi amfani da ma'adanar Optane. Ta fara ne a firosesocin Xeon na uwar garke, sannan ta shigo kwamfutocin tafi-da-gidanka da zuriya ta 11 ta Intel Core a 2020. Idan VMD na kunne, babbar manhaja ba ta ganin SSD a matsayin na'urar NVMe kai tsaye, kontirolar VMD take gani. Direban stornvme.sys ba ya kula wannan kontirola. Sai an kawo direban Intel Rapid Storage Technology, wanda ake taƙaitawa RST, mai fayil iaStorVD.sys.

Kamfanoni da dama sun riƙa sayar da kwamfutocinsu da VMD a kunne. Windows ɗin da ya zo da kwamfutar yana da direban, amma filashin Windows 10 ko 11 da mutum ya haɗa da kansa daga shafin Microsoft sau da yawa ba shi da shi. Dell, HP, Asus, Acer da Lenovo duk sun wallafa bayanin yadda za a magance wannan. Yana daga cikin dalilan ɓacewar faifai a girka Windows kan kwamfutocin Intel na shekarun baya-bayan nan.

Lokutan da ake buƙatar kawo direba

Ba a buƙatar kawo direba idan faifan SATA ne a yanayin AHCI kuma Windows ɗin daga Vista zuwa sama ne, ko faifan NVMe ne ba tare da VMD ko RAID ba kuma Windows ɗin daga 8.1 zuwa sama ne. Haka ma kusan duk sabon Linux a kan kwamfutar gida, da macOS a kan kwamfutar Apple da aka yi shi dominta.

Ana iya buƙatarsa a waɗannan halaye:

– Kwamfutar Intel daga zuriya ta 11 da VMD ke kunne.
– Allon Intel ko AMD da aka saita a yanayin RAID, ko da faifai ɗaya ne a ciki.
– Uwar garke mai katin RAID ko SAS wanda ya fi babbar manhajar sabunta, ko wanda ya tsufa har aka cire direbansa.
– Tsohuwar babbar manhaja a kan sabuwar kwamfuta, kamar XP a kan AHCI ko Windows 7 a kan NVMe.
– Windows a cikin kwamfutar kwaikwayo mai faifan VirtIO.
– Windows a kan kwamfutar Apple mai guntun T2.

Linux

A Linux yawancin direbobi suna cikin kanel ne, wato zuciyar babbar manhajar, ana rarraba su tare da ita. Daga cikinsu akwai ahci, nvme, vmd, megaraid_sas da mpt3sas. Saboda haka filashin Ubuntu, Fedora ko Debian na kwanan nan yakan ga faifan da ke bayan VMD ba tare da an ƙara komai ba. Idan faifai bai bayyana ba, abin da aka fi yi shi ne neman fitowar da ke da sabon kanel.

Matsalar makulli a cikin ɗaki kuwa, Linux yana warware ta da initramfs, wani ƙaramin kunshin fayiloli da ake lodawa zuwa RAM tare da kanel, mai ɗauke da direbobin da ake buƙata don isa ga faifai. Fedora da Red Hat suna haɗa shi da dracut, Debian da initramfs-tools, Arch kuma da mkinitcpio. Idan aka mayar da faifai wata kwamfuta mai kontirola daban kuma direbanta ba ya cikin initramfs, Linux ba zai sami faifansa ba sai an sake haɗa kunshin.

Akwai wuraren da Linux ma ke tuntuɓe. A wasu allunan Intel na kafin VMD, yanayin RST yana ɓoye faifan NVMe a bayan kontirolar SATA ta yadda kanel ba ya isa gare shi. Tun daga fitowar 20.04, manhajar girka Ubuntu tana gano wannan ta nemi a kashe RST kafin a ci gaba. Red Hat Enterprise Linux 8 na 2019 ya daina tallafa wa wasu tsofaffin katunan SAS da RAID, sai masu irin waɗannan uwar garke suka koma amfani da faifan ƙarin direba, wanda ake lodawa da zaɓin inst.dd.

macOS

Apple ne ke ƙera kwamfutar kuma shi ke rubuta babbar manhajar, don haka macOS yana zuwa da direban duk ma'adanar da kamfanin ya saka. Tambayar takan taso ne idan za a girka wata babbar manhaja a kan Mac. A kwamfutocin da ke da guntun T2, wanda ya fara da iMac Pro a ƙarshen 2017, kontirolar SSD tana cikin guntun ne, kuma filashin Windows na gama-gari ba ya ganin ta. Manhajar Boot Camp ce ke saka direban Apple a lokacin girkawa. A kwamfutocin da ke da firosesar Apple, daga M1 na 2020, babu Boot Camp, kuma sai da masu aikin Asahi Linux suka rubuta direba na musamman kafin Linux ya iya amfani da ma'adanarsu.

Kwamfutocin kwaikwayo

Kwamfutar kwaikwayo ita ce wadda manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfuta, kamar yadda VirtualBox, VMware da QEMU ke yi. Mai ƙirƙirar ta ne ke zaɓen irin kontirolar da za ta samu. Idan ya zaɓi SATA, Windows zai ga faifai nan take. Idan ya zaɓi VirtIO, wanda ya fi sauri a KVM da Proxmox, Linux zai gani amma Windows ba zai gani ba sai an haɗa masa faifan virtio-win, an loda viostor ko vioscsi daga ciki. Kontirolar PVSCSI ta VMware ma ta daɗe tana neman irin wannan mataki.

Hanyoyin shigar da direba

Hanya mafi sauƙi ita ce loda shi a lokacin girkawa. Ana sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko allon, ta amfani da lambar samfurin, a warware kunshin, a kwafi foldar zuwa filashi. A shafin zaɓen faifai sai a danna Load driver a nuna foldar. Manhajar girkawa ba ta buɗe fayil ɗin .exe ko .zip, fayil ɗin .inf take nema. Idan direban Intel ya zo a matsayin SetupRST.exe, ana fitar da fayilolin da umarnin -extractdrivers. Direban RAID na AMD yana zuwa kashi uku, rcbottom, rcraid da rccfg, kuma a wannan jeri ake loda su. Direban da aka loda ta wannan hanya yana bin Windows zuwa kan faifai, don haka ba sai an sake saka shi ba.

Hanya ta biyu ita ce cusa direban cikin filashin girkawa tun kafin a fara, da manhajar DISM da ke cikin Windows. Dole a saka shi a wuri biyu: boot.wim domin manhajar girkawa ta ga faifai, da install.wim domin Windows ɗin da aka girka ya tashi. Masu gyara da ma'aikatan ofis da ke girka kwamfutoci da yawa iri ɗaya sun fi bin wannan hanya.

Hanya ta uku ita ce amfani da filashin farfaɗowa na kamfanin kwamfutar, wanda ke zuwa da direbobin samfurin.

Canza yanayin kontirola

Maimakon kawo direba, ana iya shiga saitin BIOS a kashe VMD ko a mayar da RAID zuwa AHCI, sai direban gama-gari ya ga faifan. Ga kwamfuta mai faifai ɗaya da za a goge gaba ɗaya, wannan ba ya da illa. Wasu kwamfutocin dai ba su nuna wannan zaɓi a saitinsu.

Haɗarin yana ga kwamfutar da ke da bayanai a ciki. Idan faifai biyu suna haɗe a RAID 0, kowane fayil a rabe yake tsakaninsu, kuma canza yanayi yana sa su bayyana kamar faifai biyu da ba a iya karantawa. Wanda ya goge ɗaya ya rasa komai. Haka idan Optane na aiki, ya kamata a kashe shi daga cikin Windows kafin a taɓa BIOS, domin wani ɓangaren bayanan yana kansa. Windows ɗin da aka girka a wani yanayi kuma ba ya tashi a ɗayan, yakan tsaya da saƙon kuskure. Hanyar da aka saba bi ita ce a umarci Windows ya tashi a Safe Mode, a canza saitin, a bar shi ya tashi sau ɗaya ya kunna direban da ya dace, sannan a mayar da shi yadda yake. Idan faifan a kulle yake da BitLocker, canza saitin yana iya sa a nemi lambar farfaɗowa mai alƙaluma 48, saboda haka ana adana ta tun kafin a fara.

Matsalolin da ke kama da rashin direba

Ba duk ɓacewar faifai ba ce daga direba. Idan BIOS ma bai ga faifan ba, to matsalar ta waya ce, ko gurbi, ko faifan kansa. Gurbin M.2 yana iya zama na SATA kaɗai ko na NVMe kaɗai, duk da kamannin bakinsu, kuma a wasu alluna saka faifai a M.2 yana kashe ɗaya daga cikin gurabun SATA.

Saƙon da ke cewa direban faifan girkawa ya ɓata, a Windows 10 ko 11, sau da yawa yana nuna cewa fayil ɗin ISO bai sauka cikakke ba ne, ko ba a rubuta filashin daidai ba. Sake haɗa filashin ko canza gurbin USB yakan magance shi.

Idan kuwa faifan ya bayyana a jeri amma aka ce ba za a iya girka Windows a kansa ba saboda tsarin GPT ko MBR, direba yana aiki ke nan. Saɓanin yana tsakanin tsarin rabon faifan da yadda kwamfutar ta tashi, domin Windows yana neman GPT idan an tashi ta UEFI, MBR kuma idan an tashi ta tsohon BIOS.

Rarrabe waɗannan yana da amfani, domin rashin sani kan sa a yanke hukuncin cewa SSD ya mutu a sayi sabo, sabon ma ya ƙi bayyana saboda kontirolar ba ta canza ba.

Bayan girkawa

Direbobin gama-gari na Microsoft, storahci.sys da stornvme.sys, sun isa ga aikin yau da kullum, kuma Windows Update ne ke sabunta su. Wasu kamfanonin SSD, irin su Samsung, sun fitar da nasu direban NVMe ga wasu samfura, amma faifan yana aiki ko ba a saka shi ba. Inda VMD ko RAID ke kunne kuwa, direban kamfanin shi ne kaɗai hanyar isa ga faifai, kuma cire shi yana hana kwamfuta tashi. Masu irin waɗannan kwamfutoci sukan ajiye kwafin direban a cikin filashin girkawa, domin manhajar gyaran Windows da ake tayarwa daga filashi ita ma ba ta ganin faifan sai da shi.